Sunan da Inna Barira Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya zauna a gininmu na International City a Dubai wajen shekarar 2012 ya san Halima Sa'adiya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai farar rigar asibiti a ƙarƙashin abaya, wadda kullum za ka gan ta da sassarfa tana neman cim ma bas, jaka a kafaɗa, guntun burodi a hannu. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke Al Rigga. Ƙofata tana kallon tata, kuma ni Allah bai yi ni da kau da kai daga abin da bai shafe ni ba, don haka kaɗan ne daga rayuwarta ya shige mini duhu. Koyarwa nake yi a wata firamare. Maman Zailani ake ce mini, ko da yake shi Zailanin yana Zariya wajen mahaifiyata tun yana wata bakwai, saboda na rasa mai riƙe mini shi a nan. In na kira waya aka miƙa masa, Anti yake ce mini.

An haifi Sa'adiya a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ita ce 'yar fari. Ranar da aka yaye ta, yayar mahaifinta, Goggo A'i, ta zo ta goya ta sai Kano. Ba rigima aka yi ba, ba kuma talauci ne ya jawo ba. Haka ake yi a gidansu: ɗan fari na dangi ne, uwa ba ta nuna ta san da shi. Goggo A'i ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta zuba duk son da ke cikinta a kan yarinyar. Da kaskon waina ta yi mata karatu a Gwammaja har ta gama makarantar jinya. Ita Sa'adiya ke kira Umma. Wadda ta haife ta kuwa, Barira, sai sallah-sallah suke haɗuwa, kuma Yaya take ce mata. Tun da Sa'adiya ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Barira ba. In ta kama dole a ambace ta, sai Barira ta ce “'yar A'i”, ko “mutuniyar Kano”, ko ta nuna da haɓa kawai.

Saboda haka da Sa'adiya ta samu aiki a Dubai a 2009, aka miƙo mata takardar neman izinin zama, ta zo wurin da aka ce a rubuta sunan uwa, ko tsayawa tunani ba ta yi ba ta rubuta A'isha. Wa za ta rubuta in ba wadda ta yi mata tsifa da kitso ba? Aka shigar da shi na'ura, ta manta da zancen.

Ta auri Shu'aibu, wani ɗan Haɗeja mai sanyin hali da ke aiki a ofishin tura kaya a Port Saeed. Mutumin kirki ne, amma albashinsa ba zai riƙe gida a garin nan shi kaɗai ba, shi ma ya sani. Aikin Sa'adiya ne ginshiƙin gidan. Da ta haifi Ummulkhair, hutun da aka ba ta bai wuce arba'in da 'yan kwanaki ba, ta haɗa da hutunta na shekara ya ɗan ƙara tsawo. Bayan nan fa? Aikinta na karɓa-karɓa ne, yau safe gobe dare, gidajen reno kuwa da yamma suke rufewa. Ɗaukar 'yar aiki bisa ƙa'ida ya fi ƙarfinsu. Abu biyu ya rage: ko a samu babbar mace daga gida ta zo ta zauna, ko a tura jaririyar gida.

Sa'adiya ta ce mini, “Maman Zailani, komai zan iya jurewa ban da wannan. Ba zan ba da ita ba.”

Ni ma haka na faɗa a lokacina.

Umma A'i ce Sa'adiya ta so ta kawo, amma idon tsohuwar ya yi yana, ƙafa ma ta ƙi. Ko da lafiyarta ƙalau ma, mai buga takardun da suka je wurinsa ya warware musu zance: bizar ziyara mai ɗan gajeren wa'adi daban, izinin zama daban. Izinin zama na iyayen da suka haife ka ne, sai ka kawo takardar haihuwa mai hatimi, da gida mai ɗaki biyu, da inshorar lafiya. Kuma ba a ɗauko uwa a bar uba, sai da shaidar rasuwa ko ta rabuwa. Mahaifinta, Malam Mika'ilu, ya riga mu gidan gaskiya, takardar tana nan. Takardar haihuwa kuwa sunan Barira ne a jiki. Umma A'i da bakinta ta ce mata a waya, “Ki kira uwarki mana. Ni riƙo na yi, ita ta yi naƙuda.”

Haka Inna Barira ta sauka a Dubai da bizar ziyara ta wata uku, 'yar ƙaramar mace mai tsagen Fulani a gefen baki, riƙe da ƙullin kanwa da daddawa da ba na son in san yadda suka wuce masu bincike. A filin jirgi ta gaisa da Shu'aibu kai a sunkuye, ta gaisa da ni har da tambayar mutanen Zariya, ta wuce 'yarta kamar ta wuce turken wuta.

Aiki kam, ban ga mai kama da ita ba. Wankan jego a banɗakin da bai fi tabarma biyu ba, ta yi shi safe da yamma ba fashi. Ruwan famfo bai yi mata zafi ba, sai ta tafasa a butar lantarki ta riƙa juyewa a bokiti. Ni ta mayar 'yar aiken ganyen darbejiya, ina tsinkowa a bakin titi ina waige-waige kamar ɓarauniya. Ta dama kunun kanwa, ta gasa jaririya, ta wanke, ta share. Amma duk wannan hidima ba ta taɓa yi wa Sa'adiya magana kai-tsaye ba. In ina nan, ta kaina ake bi.

“Maman Zailani, ki ce wa masu gidan nan ruwa ya yi.”

In ba na nan, sai ta gaya wa jaririya, ko bango. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda Sa'adiya ke rungume Ummulkhair tana sumbata, tana rera sunanta a gaban kowa. Sai Inna Barira ta tashi ta bar falon tana gunaguni: “'Yar fari! A gaban mutane! Kai, duniya ta zo ƙarshe.” Da farko dariya abin yake ba ni. Daga baya, da na lura da yadda Sa'adiya ke bin bayanta da kallo, sai dariyar ta gudu.

Suka shigar da takardun neman izinin zama, Sa'adiya ta koma aiki, wata na biyu ya shige. Wata ranar Lahadi, da yake ranar aiki ce a Dubai a lokacin, na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune a matattakala da kayan aiki a jikinta, ba ta shiga gida ba. An dawo da takardun. Na'ura ta ce sunan uwarta A'isha, fasfon tsohuwa da takardar haihuwa sun ce Barira. An ce su zo su biyun ranar Alhamis a yi musu tambayoyi baki da baki, kuma bizar ziyarar saura mako biyu ta ƙare. In aka ƙi, Inna Barira za ta hau jirgi, kuma kowa a gidan ya san ba ita kaɗai za ta hau ba. Shu'aibu ya riga ya karɓo fasfon jaririya, yana ɓoye shi a aljihun kwat kamar abin kunya.

Ita kuwa Inna Barira da ta ji, ko a jikinta. Tana ninke tsumman jaririya ta ce da bango, “To mene ne a ciki? A ba ni ita in tafi da ita. Ai haka aka saba.”

Sa'adiya ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ni kuwa raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ranar Laraba da la'asar na zaunar da tsohuwar a kicin. Na ce, “Inna, gobe za a tambaye ki ko ke kika haife ta. Za ki ce e. Za a tambaye ki sunanta. Za ki faɗa.”

Ta ce, “Su ba su iya karatu ba ne? Ba ga shi nan a takarda ba?”

“Takardar ce ta rikice, shi ya sa suke son ji daga bakinki. Faɗa mini yanzu, mu biyu ne, ba mai ji.”

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. Ta ce, “Ke 'yar nan, ba ki da ta ido.”

“Inna, nan ba Ringim ba ne. Mutanen nan ba su san kara ba, ba su san alkunya ba. Abin da kika faɗa shi za su rubuta, khalas, shi ke nan.”

Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yankan kuɓewa. Ta ce, “Allah ya kai mu goben.”

Na ɗauki hutun yini na raka su, ni ce mai riƙon jaririya. Shu'aibu aka bari a waje wajen zaman maza, yana ta murza hula. Bayan doguwar jira lambarmu ta fito, aka shigar da mu wani ɗan ofis mai sanyi kamar cikin randa. Jami'ar mace ce, ba ta wuce sa'ar Sa'adiya ba, da baƙin mayafi da tabarau. Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta kuma sake ta ba. Sa'adiya ta yi mata bayani da Turanci, cewa goggonta ce ta rene ta, shi ya sa ta rubuta sunanta. Jami'ar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ta ji, amma mutane da yawa kan kawo 'yar aiki ko wata dangi su ce uwarsu ce, don haka tana son ji daga bakin tsohuwar. Na matso zan yi tafinta, ta ɗaga hannu. Ba ta son 'yar rakiya ta fassara. Ta ɗauki waya ta yi magana, jim kaɗan sai ga wani mai gadi da furfura a gemu, Abdul-Wahab, mutumin Zangon Kumasi.

Ya rusuna ya ce, “Mma, sannu paa. Kar ki ji tsoro, tambaya shwaiya ne, kaɗan kawai.”

Jami'ar ta nuna Sa'adiya da biro ta yi tambaya. Abdul-Wahab ya ce, “Mma, wai wannan da ke zaune, 'yar wane ne?”

Na ƙura wa tsohuwar ido, ina roƙon Allah a zuci. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Sai ta ce, a hankali, da irin muryar da ta saba ba da wannan amsa shekara talatin:

“'Yar A'i ce.”

Abdul-Wahab bawan Allah ne, an ce ya fassara, ya fassara. Jami'ar ta dubi na'ura, inda aka rubuta A'isha, ta dubi Sa'adiya, ta ajiye biro. Wallahi da ba a ofishin hukuma muke ba, da na girgiza tsohuwar nan, girma ko ba girma.

Na ce, “Malam, don Allah gaya mata al'ada ce! Kunyar ɗan fari ce!”

Sai a lokacin ya gane. Ya dafe kai ya ce, “Oh! Kakata ma haka, har ta mutu ba ta kira babana ba.” Ya juya ya yi ta zuba wa jami'ar bayani da Larabcinsa na bakin ƙofa, yana haɗawa da hannu. Ta saurare shi, amma na ga abin bai shige ta ba. Ta ce ita ba ta taɓa jin uwar da za a tambaya ta ce 'yarta ta wata ce ba. Ba za ta rubuta al'ada a fayil ba, abin da aka faɗa za ta rubuta. Za ta yi tambaya ɗaya ta ƙarshe: in tsohuwar ce ta haife ta, ta faɗa, ta kuma faɗi cikakken sunanta.

Abdul-Wahab ya fassara, har da ƙarin roƙo nasa na kansa. Ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Leɓen Inna Barira yana motsi, amma ba abin da ya fito. Jami'ar ta jira fiye da yadda ni zan iya jira, sannan ta jawo fayil ɗin ta fara haɗa takardun.

Sa'adiya ta miƙe. Na zaci roƙo za ta yi, ko kuka. Sai ta zo ta karɓi Ummulkhair daga hannuna, ta durƙusa a gaban tsohuwar, ta ɗora mata ita a cinya. Ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta ce, “Yaya, karɓi. Gara ku fara sabawa tun yanzu. Ba komai, ni ma haka aka yi mini, ban mutu ba.” Muryarta ba ta rawa, kuma hakan ya fi kuka ciwo. “Abu ɗaya nake roƙo. In kin kai ta, ki samu wani ya riƙa gaya mata sunana, tunda ke ba za ki iya ba. Kar ta tashi tana ce mini Yaya.”

Na juya fuskata, don na tuna mai ce mini Anti.

Inna Barira ta dubi jaririyar da ke cinyarta. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska ruf, ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ba mu baya gaba ɗaya. Daga cikin mayafin muryar ta fito, a shaƙe.

“Ni na haife ta. Da damina, ranar kasuwar Ringim, a ɗakin uwata. Kwana biyu ina naƙuda.” Ta tsaya ta ja numfashi. “Ranar da aka tafi da ita na bi su a baya har bakin kwalta. Na ce wa mutanen gida itace zan samo. Na tsaya bayan wata tsamiya har motar ta ɓace. Ban samo itacen ba.”

Abdul-Wahab ya buɗe baki zai fassara, jami'ar ta yi masa alama ya dakata.

“Sunanta Halima. Halimatu Sa'adiya.” Sai ta sake faɗa, wannan karon ba don jami'ar ba, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya. “Sa'adiya.”

Sa'adiya tana durƙushe a inda take, ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna girgiza. Shekararta talatin da ɗaya a lokacin.

Jami'ar ta sa aka fassara mata duka, har da zancen itacen. Ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce ba a gama ba: sai an kawo wasiƙa daga ƙaramin ofishin jakadancinmu a gyara sunan da ke na'ura, sai tsohuwar ta yi gwajin lafiya, kuma izinin na shekara ɗaya ne, a riƙa sabuntawa. Amma ta mayar da takardun cikin fayil, ta ajiye shi a gefen damanta, ba inda ta fara nufa da shi ba. Ta ce, “Yalla, Mama, khalas,” ta miƙo wa tsohuwar 'yar takardar share hawaye. Inna Barira ba ta karɓa ba, don har lokacin fuskarta a rufe take.

An sha zirga-zirga, amma izinin ya fito kafin wa'adin ya cika. Inna Barira ta yi shekara uku a gininmu. Ta koyi hawa lif ita kaɗai, ta san wane shago ne a kasuwar 'yan Sin ke da roba mai arha, ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Kerala ta Indiya ba tare da ɗayarsu ta san yaren ɗaya ba. Kuma kar wani ya zaci ta sauya hali. Ban sake jin sunan nan a bakinta ba har ta koma gida. Washegari ma “masu gidan nan” ta ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dawowarmu a ranar. Mun shiga bas, muka zauna a kujerun mata na gaba, Shu'aibu yana can baya. Inna Barira ta manne da taga tana kallon waje, kunya ta hana ta ko motsi. Sa'adiya tana gefena da jaririya. Ummulkhair ta farka tana wangale baki tana neman wasa, amma uwar ta riƙe ta shiru, ba sumba, ba waƙa. Na gane nufinta. Tsohuwa ta yi mata abin da ya fi ƙarfinta, ita ma tana son ta rama mata da kara ko na yini ɗaya.

Mun yi nisa a haka. Sai na ji Inna Barira ta yi gyaran murya.

“Maman Zailani, ki ce wa…”

Na jira saƙon da zan isar. Sai ta juyo daga tagar, ta tsallake ni da ido, ta dubi 'yarta.

Ta ce, “Ke. Kira ta mana. Kira sunanta ta ji, tun tana hannunki.”